Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Randunan Ladi Kwali Suka Shiga Zauren Baje Koli A Landan

Kowace sana'a tana da ranar da asirin mai ita yake fitowa fili. Ta maɗinki ita ce jajiberin salla, ta ɗan dambe kuwa ita ce ranar da makaɗi ya kira sunansa a tsakiyar fage. Mai zane da mai sassaƙa da maginin tukwane na zamani su ma suna da tasu, ita ce ranar buɗe baje koli, watau ranar da za a jera aikin hannunsu a wani zaure da aka tanada domin haka, a buɗe ƙofa, mutanen da ba su san su ba su shigo su dudduba. Wani ya yaba, wani ya taɓe baki, wani ya sa hannu aljihu, wani ya juya ya fita. Aikin da aka shekara ana yi a ɓoye, cikin sa'a biyu ko uku ake yanke masa hukunci. Abin nan ne da Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A wannan mako za mu duba yadda wannan rana take ga mai aikin fasaha, abin da ke sa gabansa faɗuwa da abin da ke faranta masa rai. Ba kuwa sai mun tafi nesa neman misali ba. Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin zai ga hoton wata mace tana aikin ginin tukwane. Wannan ita ce marigayiya Dakta Ladi Kwali, wadda randunanta suka tashi daga ƙasar Gwari suka je suka tsaya a gaban masu sayen kayan fasaha na birnin Landan a shekarar 1958.

YADDA AKE BUƊE BAJE KOLI

Kafin mu shiga labarinta, ya kamata mai karatu ya san yadda al'adar take. Mai zaure shi ke zaɓen wanda zai nuna aikinsa, su yi yarjejeniya a kan rana da farashi da kamasho, wanda a manyan zauruka na yau yakan kai rabin kuɗin abin da aka sayar. Sa'an nan a buga katin gayyata, a buga ɗan littafi mai jerin kayan da lambar kowanne da farashinsa. A yi kwana biyu ko uku ana jere, ana matsar da wannan nan, ana gyara hasken fitila a kan wancan. Da maraicen ranar buɗewa sai a shigo da waɗanda aka gayyata tukuna, watau masu saye da 'yan jarida da masu sharhi da sauran 'yan sana'a, kashegari a bar kowa ya shiga.

Akwai wata 'yar alama da kowane mai fasaha ke satar kallonta a wannan maraice. Idan aka sayi abu ba a ɗauke shi nan take, sai a manna ɗan jan ɗigo a jikin takardar da ke gefensa, ya ci gaba da zama har a rufe baje kolin. Saboda haka mai aikin yana tsaye yana gaisawa da baƙi, yana murmushi, amma rabin hankalinsa yana wajen bango yana ƙidayar jajayen ɗigo. In sun yawaita, an biya bashin kayan aiki da kuɗin dako, kuma mai zaure zai sake kiransa. In babu ko ɗaya, to, haka zai kwashe kayansa a gaban idon kowa. Ba ya da ikon ƙara ko layi guda a jikin aikin, ba ya kuma da ikon bin kowane baƙo yana yi masa bayani. Daga wannan rashin iko ne fargabar take tasowa.

DAGA KWALI ZUWA ABUJA TA DĀ

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. A can ginin tukwane aikin mata ne, ita ma tun tana yarinya ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Maginiyar Gwari ba ta da na'ura. Takan ɗora curin yumɓu, ta buɗe cikinsa da hannu, ta riƙa jan bangon sama tana ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu, ita kuwa tana zagaya shi har randa ta tashi, cikinta ya yi fadi, wuyanta ya tsuke. In ta ɗan sha iska sai a kankare ta, a yi mata ado da tsinke ko da ɗan murɗaɗɗen zare da ake mirginawa a jikinta. Adon Ladi ya fita daban. Takan raba jikin randa gida gida, ta zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsaye, kowanne ya zauna daram a gidansa.

Kyan aikinta ya kai kunnen Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, har ya tara randunanta a fadarsa. A nan sai mu tuna wa mai karatu cewa Abujar da ake nufi ita ce garin da yanzu ake kira Suleja a Jihar Neja, wanda ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunansa bayan dokar 1976, ya ɗauki sabon suna daga sunan wannan sarki. A fadar ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya ga randunan a shekarar 1950, lokacin da gwamnati ta sa shi ya zaga ƙasa ya dubo yadda za a kyautata wannan sana'a.

Shi Cardew gwani ne da aka sani a Ingila, almajirin shahararren maginin nan Bernard Leach. Amma kafin ya zo Nijeriya ya sha wuya a ƙasar Gana ta yanzu. Masana'antar da ya shugabanta a Achimota daga 1942 ba ta ɗore ba, ƙaramar da ya kafa da kansa a Vume, bakin kogin Volta, ita ma ya bar ta a 1948 ba lafiya. Saboda haka da ya zaɓi Abuja a 1951 domin kafa makarantar koyon ginin tukwane, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma sarki mai goyon baya, ya san cewa wannan karo na uku ne, kuma da kuɗin gwamnati yake aiki. A ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar. Ita ce mace ta farko a cikinta.

FARGABA TA FARKO, BAKIN TANDERU

Mai zane da fenti yana ganin aikinsa tun daga farko har ƙarshe. Magini kuwa dole ne ya miƙa nasa ga wuta, ya koma gefe ya jira. A ƙauye ana tara tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 800 a ma'aunin santigiret ba, shi ya sa tukunyar takan fito da ƙananan ƙofofi a jikinta waɗanda ido ba ya gani. A makarantar Abuja kuwa tanderu aka gina na bulo mai jure wuta, ana ɗura masa itace dare da rana har zafi ya haura digiri 1,200. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya yi tauri kamar dutse, ruwan ƙyallin da aka shafa masa kuma ya narke ya zama gilas. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi ke dafa dutse.

Sai dai haƙurin yana da tsada. Ɗan damshi kaɗan da ya rage a cikin bangon randa ya isa ya fasa ta, ta kuma fasa maƙwabtanta. In wuta ta yi sauri sai ta tsage, in ta yi yawa sai ta lanƙwashe, in ta gaza ƙyallin ya fito dushi dushi. Bayan an daina sa itace kuma ba a buɗe ƙofa nan da nan, sai an bar tanderu ya huce na kwanaki, domin iska mai sanyi tana iya tsaga abin da wuta ta bari. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya san abin da ke ciki. Aikin watanni yana bayan bango, ga kuma ranar baje koli an riga an tsayar a wata ƙasa. Kowane magini ya san faɗuwar gaban ranar da ake cire bulon ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san irin sanyin da ke sauka a zuciya idan aka ƙwanƙwasa randa da yatsa ta yi ƙara kamar ƙararrawa, alamar ba ta da tsaga.

Ladi ta koyi aiki da faifan nan mai juyawa, ta yi kwanoni da kofuna da farantai. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana zagayawa kamar yadda aka koya mata a Kwali. Abin da ya sake shi ne yumɓun da wutar. Zanen ƙadangare da kunamar kuwa sai a cike shi da farin yumɓu, a shafe randar da ruwan ƙyalli mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, in ta fito daga wuta sai ka ga farin zane yana haskawa a cikin duhun jikinta.

Akwai wani sabon abu kuma da ya shigo, wanda ya fi yumɓu da wuta nauyi. Maginiyar ƙauye ba ta sa suna a tukunya, in ta kai kasuwa ta sayar, shi ke nan. A makarantar Abuja kuwa kowane abu ana buga masa hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, a gefensa kuma a buga alamar wanda ya yi shi. Ta Ladi ita ce haruffa biyu, LK. Daga ranar da aka buga wannan alama, yabo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, zargi ma haka.

TAFIYA LANDAN

Niyyar farko ta gwamnati ita ce makarantar ta koya wa 'yan ƙasa yin kwanonin cin abinci da kofuna domin gidajen Nijeriya. Amma kayan suna da nauyi da tsada, ga kuma kwanon sha da na tasa na kanti masu araha sun cika kasuwa. Mafi yawan masu saye sai suka zama Turawa ma'aikata da baƙi. Ke nan makarantar tana bukatar ta nuna wa masu ba ta kuɗi cewa abin da take yi yana da daraja, hanyar da Cardew ya sani kuwa ita ce baje koli.

Wurin da aka zaɓa shi ne zauren Berkeley, a unguwar masu hali ta Mayfair a Landan, zauren da ya yi suna wajen nuna kayan fasaha na Afirka da Asiya, wanda kuma ya taɓa nuna ayyukan Ben Enwonwu a ƙarshen shekarun 1940. Tsakanin Abuja da wannan zaure akwai ɗaruruwan mil na hanyar ƙasa zuwa bakin teku, sa'an nan ga tekun kanta. Randar da ta tsira daga wuta tana iya mutuwa a hannun ɗan dako. Wannan ita ce fargaba ta biyu, ba ta kuwa kwantawa sai an buɗe akwati na ƙarshe an ga komai lafiya.

Ta uku ita ce babba. Mutanen da za su shigo zauren sun saba da tangaran na Sin da Japan, sun san aikin manyan maginan Ingila. A idon yawancinsu a wancan zamani, tukunyar Afirka abin ajiyewa ce a gidan kayan tarihi, a rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashinta, ba sunan mutum ba. Yanzu ga randa an ɗora a kan dakali ita kaɗai, an haska ta da fitila, an rubuta sunan wata mace daga Kwali da farashi a gefenta. Tambayar da ke gaban kowa ita ce, shin za a dube ta a matsayin aikin gwana, ko kuwa a matsayin abin mamaki daga ƙasar da ake mulka?

Amsa ta zo da daɗi. Baje kolin 1958 ya karɓu, randunan Ladi suka fi komai jan ido. Shaidar haka ita ce an sake yin wani a wannan zaure a 1959, aka kuma sake a 1962, mai zaure kuwa ba ya sake gayyatar wanda kayansa suka yi kwantai. A gida ma an nuna aikinta a bukukuwan samun mulkin kai na 1960. Sunan Abuja ya shiga bakin masu sha'awar tukwane na duniya tun ba a yi mafarkin gina babban birni mai wannan suna ba.

GINI A GABAN JAMA'A

A farkon shekarun 1960 Ladi da kanta ta tafi Ingila, inda ta nuna yadda take gini a makarantun fasaha, har da Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan da ta garin Farnham, da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew. Ta yi irin wannan a Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew.

Mai karatu ya auna wannan da kyau. A baje koli, abin da ya lalace an bar shi a gida, sai zaɓaɓɓe ake kawowa. A gini gaban jama'a kuwa babu zaɓe. Yumɓun baƙo ne, iskar ƙasar dabam, masu kallo malamai ne da ɗalibai waɗanda suka san inda kuskure yake, ga shi kuma ba harshe ɗaya ake ji ba. In bangon randa ya yi kauri a gefe guda kowa zai gani, in ya rushe a gaban kowa zai rushe. Abin da ta shiga da shi wannan fage shi ne hannunta da 'yan ƙananan kayan aikinta na gida. Mutanen da suka ɗauka ba a samun daidaitacciyar randa sai da na'ura suka ga mace tana zagaya curin yumɓu, cikin ɗan lokaci randa ta miƙe da'irarta cif. Gani ya kori ji. Daga baya masu koyo suka riƙa zuwa Abuja, a cikinsu har da Magdalene Odundo 'yar ƙasar Kenya, wadda ta zo a 1974, ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan maginan duniya.

Yabon gwani ya zama dole. Ingila ta ba ta lambar MBE. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta sami lambar NNOM, wadda Nijeriya ke bai wa waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma ta sami OON. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar Suleja sunanta, an sa wa wani titi a Abuja sunanta, ayyukanta kuwa suna ajiye a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washington. A 2022 ma an sake jera randunanta a Landan, a wani baje koli da aka yi a gidan Two Temple Place kan mata baƙar fata masu aikin yumɓu.

RANDAR DA BA TA SANYAYA RUWA

Duk da haka akwai abin da ya kamata a faɗa, domin farin cikin baje koli ba ya zuwa kyauta. Randar ƙauye tana sanyaya ruwa ne saboda ƙananan ƙofofin nan na jikinta. Ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, zafi yana tafiya tare da shi. Randar da aka toya a digiri 1,200 aka lulluɓe ta da gilas ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya komai, ga ta da nauyin da ba mai ɗaukarta zuwa rafi, ga tsadar da ta fi ƙarfin matan da suka ƙago siffarta. Ta sami dawwama da suna, ta rasa aikin da aka haife ta dominsa. Masana suna ta muhawara a kan wannan har yau, wasu na ganin an ɗaukaka sana'ar Gwari, wasu na ganin an raba ta da gidanta.

Wannan ma wani ɓangare ne na abin da ke damun mai fasaha a ranar buɗe ƙofa. Wanda ya sayi aikin zai tafi da shi inda mai shi ba zai sake ganinsa ba, ya ba shi ma'anar da ya ga dama. Jan ɗigon da ke faranta rai shi ne kuma sanarwar rabuwa. Uwar amarya ta san irin wannan hali, tana guɗa tana share hawaye.

Abin da ya tsare Ladi Kwali a cikin wannan ciniki shi ne ba ta sake hannunta domin ta gamshi baƙi ba. Ta karɓi sabon yumɓu da sabuwar wuta, amma siffar randar da dabbobin jikinta na Kwali ne, su ne kuma abin da Landan ta tsaya kallo. Bayanta wasu mata suka shiga makarantar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kowacce da alamarta a gindin tukunya.

GA 'YAN BAYA

A yau ba sai an haye teku ba kafin a yi baje koli. Akwai zauruka a Legas da Abuja, akwai Hukumar Zauren Fasaha ta Ƙasa da aka kafa a 1993, akwai kasuwar fasaha ta Art X da aka fara a Legas a 2016. A Zariya kuwa, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta fasaha a 1958, shekarar da randunan Ladi suka shiga Landan, har yanzu sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai, kowannensu kuwa sai ya jera aikinsa an gani kafin ya fita.

Abin da ya yi ƙaranci, musamman a Arewa, shi ne masu shiga su duba. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar zauren baje koli wurin Turawa ne da masu kuɗi, alhali kuwa yawancinsu ba a biyan ko kwabo a ƙofa. Mai fasaha yana iya jure wa mai kushe, domin mai kushe ya duba. Zauren da ba kowa shi ne abin da yake tsoro. Sai mu tuna cewa kafin Landan ta san Ladi Kwali, wani sarki ne a gida ya ga randarta ya saya ya ajiye a inda baƙo zai gani. Idan aka ji sanarwar baje koli a garinku, jama'a, a daure a leƙa. Za ku tarar da wani saurayi ko wata budurwa tsaye kusa da ƙofa, an ci ado, ana murmushi, tafin hannu kuwa yana gumi. Ku gaisa da shi, ku tsaya gaban aikinsa, ku tambaye shi yadda aka yi ya yi shi.